Yadda mutanen Maraɗi suka kafa gida sau biyu

 A cikinku akwai waɗanda suka taso daga ƙauye suka koma gari. Akwai kuma masu shawarar tashi bana ko baɗi. Wani fari ne ya kore shi. Wani gona ce ta yi masa kaɗan, don ɗiya sun yi yawa. Wata kuma aure ne ya kai ta. Kowa da dalilinsa. Amma tambayar guda ce: in ka sauka garin da ba a haife ka ba, ƙaƙa za ka yi har ka zama ɗan gari?

Wannan tambaya ta daɗe. Mutanen Maraɗi sun gamu da ita sau biyu. Karo na farko yaƙi ne ya raba su da gida. Karo na biyu ruwa ne. Yau Maraɗi babban birni ce. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 260 a cikinta. Amma a zamanin da za mu yi magana a kai, ƙaramin gari ce, kowa ya san kowa. Ku biyo mu, ku ga abin da ya riƙe mutanen nan har suka zauna da gindinsu.

Gudu daga Katsina

A shekarar 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Gobir. Yaƙin ya bazu cikin ƙasar Hausa. A 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya fita da jama'arsa, suka yi arewa har Ɗankama. Can ma aka ci su da yaƙi. Masu ba da tarihi sun ce sarkin ya faɗa rijiya ya mutu. Waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa. Suka yi gabas, suka fake a ƙasar Damagaram shekara da shekaru.

Ka yi tunani, mai karatu. In gari ya watse, ba sarki da dakaru kaɗai ke gudu ba. Akwai mata da goyo, akwai tsofaffi, akwai masu sana'a. Mai gudu ba ya ɗaukar soro bisa kai. Ba ya ɗaukar rijiya, ko rumbu, ko karofi. Maƙeri zai ɗauki masaba da awartaki. Masaƙi zai ɗauki ƙoshiya. Baduku zai sa wuƙa da basilla cikin burgame. Mace za ta ɗauki tukunya da muciya da mazari. Sauran dukiyar tana cikin kai da hannu, inda ɓarawo ba ya kai gare ta.

Wajen 1819 mutanen kwarin Gulbin Maraɗi suka tayar wa wakilin da aka ɗora musu daga Katsina. Suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna Maraɗi. A lokacin ƙauye ce cikin kurmi, a bakin gulbi. Sunan garin ma sunan sarauta ne, sarautar Maraɗi. Gobirawa su ma irin wannan ta same su. Birninsu Alƙalawa ya faɗi a 1808. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka mutu. Bayan nan Mayaƙi ya kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi, a bakin gulbi guda.

Katsinawan nan ba su zo da niyyar daɗewa ba. Nufinsu su koma birninsu. Shi ya sa har yau sarkin Maraɗi sunan Sarkin Katsina yake ɗauke da shi. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 20 ya rasu a 1875, ya kai wa ƙasar Katsina yaƙi sau da yawa. Birnin bai komo hannunsu ba. Ana cikin jiran komawa, aka haifi ɗiya, aka haifi jikoki. Wurin da aka ɗauka zango ne, ya zama gida.

Sana'a ce ta fara ba baƙo wurin zama

Da baƙin suka iso, sun tarad da masu ƙasa. Manoma ne da mafarauta da masunta, waɗanda ake kira Anna. Kowane dangi da gadonsa. Su suka san daji, suka san inda ruwa ke kwanciya, suka san ƙasar da ke son hatsi da wadda ke son dawa. Baƙin kuma sun zo da sarauta irin ta birni, da malamai, da fatauci, da sana'o'i masu yawa. Sarautun Katsina suka sake tsayuwa a nan: Galadima, Ƙaura, Durbi da Ƴandaka, su ne masu zaɓen sarki. Akwai kuma Iya, wadda ke bisa sha'anin mata.

Sarauta ba ta cika ciki. Talaka sai ya nuna abin da ya iya. Duba aikin majemi. Zai jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare. Sa'an nan ya sa ta cikin ruwan bagaruwa kwana da kwanaki. Ya shafe ta da mai, ya murza har ta yi laushi. In ana son ja, sai a sa karan dafi. Daga nan fata ta wuce hannun baduku, ya ɗinka takalmi, da jaka, da kube, da kayan doki. Ƙasar nan kuwa tana da jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Fatun jar akuya na ƙasar Hausa sun riƙa ƙetare hamada bisa raƙuma. Turawa suna sayensu da sunan fatar Maroko, don ta can take isa gare su.

Duba kuma hanyar auduga. Manomi ya noma. Mace ta gurza, ta shiɓa, ta kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa shi ƙwarya ƙwarya, siriri. Maɗinki ya haɗa. Marini ya tsoma cikin karofi mai baba da toka. Mabugi ya buga har ya yi ƙyalli. Riga guda ta ciyar da gida shida. Maƙeri kuma kowa na bukatarsa. Ba shi, ba hauya, ba gatari, ba wuƙa, ba mashi.

Kowace babbar sana'a tana da shugaba: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aski, Sarkin Magina. Baƙo mai sana'a ba ya shimfiɗa kaya a kasuwa kai tsaye. Mai masaukinsa zai kai shi wurin shugaban sana'ar, ya yi gaisuwa. A nuna masa wurin zama. In rigima ta taso, akwai mai tsaya masa. A wannan zamani da wuri ake ciniki. Wanda ya iya aiki, ran kasuwar farko zai koma masauki da ɗan abin cefane. Ran ta biyu an fara sanin sunansa.

Gida irin na da

Muna da shaidar wanda ya ga garuruwan ƙasar nan da idonsa. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karimu, ya bi ta Tasawa da Gazawa. A lokacin Tasawa tana bin Maraɗi. Ya rubuta cewa gidajen Tasawa sun ba shi sha'awa. Ya ga an kewaye su da darni mai tsawo, da rumfa ta karɓar baƙi, da itatuwa masu inuwa, da yara da awaki da kaji a tsakar gida. Ya ga mutane cikin walwala, alhali zamanin yaƙi ne.

Ƙaƙa ake kafa irin wannan gida? Da fari sai danga ko darni, na kara ko zana, don sutura. Sa'an nan ɗakin uwargida. Ana kafa shi da kara da itace, a yi jinka a ƙasa, a baibaye ta da shuci. Ran ɗorawa sai a kira maƙwabta, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan ɗaki sai rumbu. In hali ya samu, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a gina shigifa da azara ta giginya. A shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa kada ya ci gini. Zaure ne ke zuwa ƙarshe. In ka ga mutum ya gina zaure, ka san ya daina shirin tashi.

Cikin ɗaki aikin mata ne. Su ke yin daɓe. Su zuba tsakuwa da ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, su taru da maɗaɓai suna bugu har ƙasa ta yi santsi. Mai ɗaki ta dafa musu abinci. Gobe ita ma za ta je na wata. Sa'an nan a yi jere. Ƙore da akusa da tukwane, an ɗora wani bisa wani a jikin bango. A shimfiɗa tabarmar kaba. Arewa da Maraɗi akwai kwarin da ake kira Gulbin Kaba, don yawan kabar da ke wurin. Da ita ake tabarma, da faifai, da igiya, da tsintsiya. Randa tana gefe cikin inuwa, an rufe ta da faifai. Duk abin nan ba na kanti ba ne. Daji ne ya bayar, hannu ya gyara.

Tukunya ita ma sana'a ce

Kada ka raina hayaƙin murhu. Baƙuwa da ta sauka gari, ta wurin tukunya ake fara saninta. Ran da ta fara girki za ta aika wa maƙwabciya ɗan tuwo cikin akushi. Akushin ba ya komowa wofi. Daga nan aka ƙulla. In an yi haihuwa ko aure, za ta kai gudummawar biki. Ran nata bikin a mayar mata da ƙari. Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Abincin kwarin Maraɗi hatsi ne da dawa da wake. Da rana fura da nono. Nonon Fulani ke kawowa, a ba su hatsi ko kuɗi. Da dare tuwo, da miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta yakuwa. Ana sa daddawa, ta kalwa ko ta batso. A fadama akwai rogo da dankali da kabewa. In hatsi ya yi ƙaranci sai a koma ga ganye, a yi kwaɗon tafasa ko na zogale.

Abin da mace ta iya dafa wa gidanta, shi take sayarwa. Wata fura, wata waina, wata ƙosai, wata ɗanwake. Wadda ba ta fita sai ta ɗora wa yarinya talla. Kuɗin da ta samu nata ne, ba na maigida ba. Da shi take sayen akuya. Akuya ta haihu, a sayar, a sayi kayan ɗakin ɗiya. In shekara ta ɓaci, sau da yawa akuyar nan ce ke fid da gida kunya.

Zamanin Nasara da gujiya

A ƙarshen ƙarni na 19 rigimar sarauta ta raunana Maraɗi. Mutane da yawa suka watse ƙauyuka. Da ƙarni na 20 ya kama, Faransa da Ingila suka ja iyaka. Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa. Yaƙi ya ƙare, amma aka shiga lanho da aikin dole. A 1913 da 1914 aka yi yunwar da ake kira Kakalaba.

A 1912 jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da bakin teku. Wannan ya buɗe cinikin gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa. Sannu sannu kantunan Nasara suka buɗe a Maraɗi. Suna sayen gujiya da fatu. Suna sayar da yadi, da kwanoni, da fitila, da sabulu, da sukari. Kuɗin Nasara suka kori wuri.

Nan wasu sana'o'i suka fara ciwo. Yadin kanti ya fi saƙi araha, sai masaƙi da marini suka rasa masu saye. Kwano ya shiga ɗaki, ya ture akushi da ƙwarya daga jere. Amma wasu ƙofofi suka buɗe. Ɗan maɗinki ya hau keken ɗinki ya zama tela. Maƙeri ya bar narka tama, ya koma ƙira da ƙarfen tsohuwar mota. Mata kuma suka samu sabuwar hanya. Su soya gujiya, su daka, su matse mai, su soya ƙuliƙuli da tunkuza. Wanda ya riƙe hannunsa, ya kuma buɗe idonsa, bai rasa abin yi ba.

Ruwan 1945

Tsohon garin Maraɗi a cikin kwari yake, kusa da gulbi. Akwai dalili. Ruwa yana kusa, rijiya ba zurfi. Ƙasar fadama tana da albarka. A zamanin yaƙi kuma kurmi yana ɓoye gari daga mahaya. Amma gulbin nan daga nesa yake tasowa. Yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar wajen Madarumfa. Ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya. Da rani yashi ne, yara na wasa a ciki. Da damana kuwa, ruwan da aka yi can kudu nan yake sauka.

A damanar 1945 gulbi ya cika ya batse. Ruwa ya shiga gari. Ginin ƙasa ba ya jure wa ruwa a gindinsa. Bango ya jiƙa, ya zauna. Gidaje masu yawa suka rushe. A lokacin mutanen garin ba su kai dubu 10 ba. Aikin da kakanni suka yi fiye da shekara 120 ya narke cikin damana guda.

Hukumar Nasara ta yanke shawara ba za a sake gini a kwari ba. Aka ta da gari zuwa bisa tudu, gabas da gulbi. Aka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, suna gitta juna kamar gidan dara. Aka yanka filaye murabba'i, waɗanda ake kira kare. Wannan ya saɓa da tsohon gari, mai lunguna masu lanƙwasa.

Gini bisa tudu

Ga abin lura. Mutane sun bar ƙasar tsohon gari, amma ba su bar maƙwabtansu ba. Unguwanni suka hau tudu da sunayensu. Aka sake kafa su kewaye da gidan sarki. Har yau za ka ji Bagalam, da Ƴandaka, da Maraɗawa, da Ɗan Gulbi, da Mokoyo, da Limanci. Wanda ka saba aron gatari wurinsa a kwari, shi ne a gefenka bisa tudu. Matar da kuka yi daɓe tare, ita za ta sake kama miki. Wannan ya sauƙaƙa wahala ƙwarai.

Wahala kuwa akwai ta. Gari guda ne ke son gini lokaci guda. Ana son tubali, ana son azara, ana son kara da shuci da igiya. Magina da masassaƙa da masu jakai ba su huta ba. Mutane suka bi tsarin da suka gada: danga tukuna, sai ɗaki, sai rumbu, soro da zaure daga baya. Bisa tudu ruwa ya fi nisa, rijiya ta fi zurfi. Sai ɗaukar ruwa ya zama sana'a, ƴan ga-ruwa suka samu abin yi. Inuwa ma babu irin ta kwari, sai da aka dasa itatuwa aka yi ta ba su ruwa. A watan Afrilu na 1946 aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulki. Mutum ya samu ikon ƙarfinsa, ya sa shi a gonarsa da gidansa.

Bayan nan garin ya yi ta girma. Cinikin gujiya ya kai ƙarfinsa a shekarun 1950 da 1960. Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gujiya. Da yawa cikin manyan ƴan kasuwar da ake kira alhazan Maraɗi da ƙaramin abu suka fara. Yaran wani ne, suna bin kasuwannin ƙauye suna awon gujiya. Kasuwar Litinin da ta Juma'a suka riƙa cika. Baƙi suka yi ta zuwa, aka buɗe Sabon Gari da Sabon Kare. Rufin kwano da siminti suka shigo. Gadon ƙarfe ya shiga ɗakin amarya.

Da gujiya ta faɗi

Wanda ya dogara ga abu guda, ran da abin ya faɗi tare za su faɗi. A 1973 da 1974 aka yi babban fari. A 1975 cuta ta lalata gujiya. Manoma suka koma ga hatsi da wake, don ciki ne gaba. Cinikin da ya gina garin ya durƙushe. A 1984 fari ya komo. A shekarar nan kuma Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986. Mutanen ƙasar Maraɗi suka sa wa yunwar suna El Buhari.

A waɗannan shekaru mutanen ƙauye suka kwararo gari. Wasu cin rani suka zo, damana ta faɗi ba su koma ba. Suka kafa bukkoki a bakin gari, kamar yadda mutanen Ɗan Kasawa suka yi. Wanda ya zo hannu wofi ya sha wuya, sai dako da jiran sadaka. Wanda ya zo da sana'a ya fi saurin miƙewa. Mai saƙar zana da tabarma ya samu masu saye. Mai gyaran rijiya, da wanzami, da mahauci mai tsire da kilishi, duk sun samu. Maƙera suka shiga ƙera amalanke da garmar shanu, wasu suna zubin tukunyar ƙarfe.

Itacen girki ya yi tsada, don daji ya ƙare. A shekarun 1980 aka yaɗa murhu mai cin itace kaɗan a Nijar. Akwai na ƙarfe, Mai Sauƙi, wanda maƙera ke yi. Akwai na ƙasa, Albarka, wanda mace za ta iya ginawa da kanta. A wajen 1984 kuma manoman ƙasar Maraɗi suka fara wata dabara. In sun zo sassabe, ba su sare tohon kututture duka. Su bar biyu ko uku masu ƙarfi, su gyara su. Kalgo da sabara da gawo suka komo gonaki. Mata suka samu itacen girki kusa, maza suka samu na rumfa da rumbu. Dabarar ta bazu har wasu ƙasashe.

Mata ma sun fito da tasu. Da ma sun san adashi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauyukan Maraɗi bisa wani tsari da ake kira Mata Masu Dubara. Mata su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yarda cikin akwati. Mai son jari ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari. In lokaci ya cika a buɗe akwati a raba. Da wannan rance wata ta sayi tiyar gujiya, wata ta sayi kaskon waina, wata ta sayi tunkiya. Tsarin nan da ya tashi daga ƙasar Maraɗi, yau ana binsa a ƙasashe da yawa na Afirka.

Abin da za ka ɗauka

To, mai karatu, ka ji tarihi. In kana shirin komawa gari, ko Tasawa ce, ko Madawa, ko Mirya, ko Dakwaro, ga abin da ya nuna maka.

Ka koyi sana'a tun kana gida, don ba a fafe gora ranar tafiya. Noma babbar sana'a ce, amma gona ba ta bin ka gari. Ka ƙara da wadda za ta shiga jaka. In akwai ta gado a gidanku, kada ka ji kunyarta. In kasuwarta ta mutu, ka duba abin da mutane ke so yanzu, ka juya hannunka can, kamar yadda ɗan maɗinki ya hau keke.

Ka nemi mai masauki na kirki. Ka gai da mai unguwa. Ka gai da waɗanda ka tarar cikin sana'ar, kada ka shiga musu da ƙarfi. In ana gayya ko jana'iza ko suna, ka je. Wanda bai kama jinkar wani ba, ran tasa shi kaɗai zai tsaya.

Ke kuma uwargida, abin da kika iya dafawa jari ne. Ki fara da kaɗan. Ki tsabtace kwano, ki rufe abinci, ki riƙe awo guda. Ki ware uwar kuɗi daga riba, kada cefane ya cinye jari. In akwai asusun mata a unguwa, ki shiga.

Kada ku ci bashi don gina soro a shekarar farko. Ku bi tsarin kakanni, sutura tukuna, sai ɗaki, sai wurin ajiyar abinci. Ku haƙa masai nesa da rijiya. Ku dasa itace ran da kuka kafa danga. Ɗaki mai shara da randa mai sanyi da inuwa a tsakar gida ba su bukatar kuɗi masu yawa.

Kafin ka sayi fili, ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi. Ka je ka duba da damana, kada ka tsaya ga ganin rani. Fili mai araha a cikin kwari ko bakin ƙorama yana iya cinye maka gida. Abin da ya faru a 1945 bai wuce ba. A damanar 2024 ruwa ya sake rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram da sauran jihohin Nijar, har aka rasa rayuka.

In gonarka ta ƙauye tana nan, kada ka yi gaggawar sayar da ita. Mutanen Maraɗi da suka hau tudu ba su bar fadamarsu ba. Suna kwana a gari, suna noma a kwari. Damin hatsi daga gonarka ya fi awon tiya a kasuwa kwanciyar rai.

Ku karanta wa waɗanda ke kusa da ku wannan labari. Ku tambayi tsofaffin garinku su ma, wa ya fara saran daji a nan, daga ina ya zo, da wace sana'a. Za ku tarar kusan kowane gari baƙo ne ya kafa shi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da kowa gidansa lafiya.